Sansar da Kawu Ya Ce In Canja

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Kawuna, yayan mahaifiyata, wanda ya riƙe ni tun ina ɗan shekara shida bayan rasuwar mahaifina, ya koma ga Ubangijinsa a bazarar nan, ranar wata Talata, tsakanin azahar da la'asar. Mai gyaran wutar mota ne a Azare, abin da muke kira mai wayarin. Ni kuwa direba ne, ina jigila tsakanin Azare da Gamawa. A hannuna ya cika. Kuma akwai abin da ya faru a kan hanya a ranar, wanda har aka yi sadakar bakwai na kasa gaya wa Hajiya, matarsa, wadda ta yi mini wanka da wanki kamar ita ta haife ni.

Zaman makoki ya cika maƙil. Direbobi sun jera motoci tun daga bakin layi har ƙofar masallaci, sai da mai unguwa ya aiko a bar wa mutane hanya. Kowa ya zo sai ya durƙusa gabana ya kama hannuna. “Sannu da ƙoƙari. An ce kai ka ɗauko shi daga gona. Allah Ya saka maka, ka yi abin da ɗa ke yi.” Ni dai amin, amin. Wallahi da za su zage ni da ya fi mini sauƙi. Liman ya ce kwana ne ya ƙare, babu mai ƙara wa wani daƙiƙa. Na yarda, ban taɓa musun wannan ba. Amma ban ji sanyi ba ko kaɗan.

A rana ta biyu wani dattijon Bafillace ya zo daga wajen Gamawa da sandarsa. Ya yi addu'a da Larabci, ya ƙara da Fillanci, sannan ya ba jama'a labari. Ya ce akwai shekarar da motar ɗaukar kayansa ta ƙi tashi, aka ja ta gareji uku, kowa ya ce ƙwaƙwalwar motar ce ta ƙone, sai an yi aike Kano. Kawu ya kwanta a ƙarƙashinta, ya kwance wani ɗan baƙin abu da bai kai babban yatsa ba, ya goge bakinsa da gefen rigarsa, ya mayar. Mota ta tashi. Dattijon ya ce: “Na zura hannu aljihu, ya ce in ina so mu ɓata in fito da shi. Wai shi rigarsa kawai ya ɓata, kuma dama mai datti ce.” Mutane suka yi 'yar dariya, wasu na share hawaye.

A rana ta uku mai shagon kayan mota ya zo. Ibo ne, amma tun ina yaro yake Azare, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Ya cire takalmi, ya zauna a gefen tabarma tare da mu. Da zai tafi ya yafito ni gefe, ya miƙo mini wani ƙaramin kwali.

“Naka ne,” in ji shi. “Baba ya sa na kawo daga kudu tun kafin azumi. Ya ce in ajiye, za ka zo ka karɓa. Duk sati sai ya leƙo ya tambaye ni ko ka zo.”

Ban buɗe ba don na san abin da ke ciki. Sabuwar sansa ce ta motata, 'yar na'urar da ke gaya wa ƙwaƙwalwar mota yadda inji ke juyawa. Na sa ta a aljihu na koma cikin mutane na ci gaba da amsa gaisuwa.

Wanda bai san Kawu ba, dogo ne siriri, mai wawulo. Haƙoransa biyu na sama sun fita tun yana saurayi, sifana ta kufce ta same shi. Bai taɓa yarda a sa masa na roba ba. Shagonsa rumfar kwano ce a ƙarƙashin wata bishiyar maina, da benci guda da akwatin ƙarfe. Bai da surutu, amma in ya yi magana sai ta zauna. Mota in ta shigo ba ya tashi da wuri. Sai ya ce wa mai ita, “Murɗa in ji.” Ya karkata kai, ya lumshe ido. Sannan ya ce, “Sake.” Ba ya son a gaya masa abin da wani makaniki ya ce. “Bar ta ta faɗa da bakinta,” haka yake cewa. Yana shan shayi ba madara, yana ƙin rediyo a wajen aiki, kuma in ka ari sukundirebarsa ka dawo da ita da maiƙo, kai da aro har abada.

Lokacin da sababbin motoci masu ƙwaƙwalwa suka fara shigowa gari, sa'o'insa da yawa sun haƙura, sun ce wannan ba aikinsu ba ne. Kawu da ko firamare bai gama ba, sai ya riƙa tsintar matattun sansa a bolar gareji yana fasa su da zarto yana duba cikinsu. Hajiya ta sha yi masa faɗa a kan tarkacen da yake cika mata taga da su.

Na tuna ranar da ya zaunar da ni ya nuna mini. Lokacin na sayi motata ke nan, ina ji da kaina. Ya ɗauko wata sansa da ya tsaga gida biyu.

“Me ka gani?”

“Ƙarfe da gashi,” na ce.

“Gashin ƙaniyarka. Waya ce, ta jan ƙarfe, ta fi gashin kanka siranta. An naɗe ta ne sau ba adadi a jikin wannan. Shi kuma wannan mayen ƙarfe ne, taɓa sifana ka gani.”

Na taɓa, sifana ta manne. Sai ya ɗauko wata lafiyayya, ya haɗa wayoyinta biyu da tsohuwar mitarsa mai allura. Ya riƙa gilma sifana ta gaban bakin sansar ba tare da ta taɓa ba. Duk gilmawa sai allurar mitar ta yi zillo. Ya ƙara sauri, allura ta riƙa rawa.

“Ka gani? Ba batir, ba komai. Ƙarfe in ya wuce ta gaban mayen ƙarfe, yana girgiza jan da yake yi, girgizar nan ita ke haifar da 'yar wuta a cikin wayar. To a bayan injinka akwai faifai mai haƙora, yana juyawa tare da inji. Sansa tana zaune dab da shi, ba ta taɓa shi. Haƙori ya wuce, ta aika wuta. Wani ya wuce, ta aika. Ƙwaƙwalwa tana can tana ƙirgawa. In sun zo a hankali ta san inji na tafiya a hankali, in sun zo a guje ta san ka taka. Allurar da kake gani a gabanka tana hawa, daga nan take samun labari.”

Na ce to ta yaya ta san inda zagaye ya fara, haƙoran ba duk iri ɗaya ba ne? Sai ya washe baki, ya bi haƙoransa da yatsa ɗaya bayan ɗaya har yatsan ya faɗa cikin wawulon.

“Irin nawa ne da shi. An cire masa biyu da gangan. In ƙwaƙwalwa ta ji shiru ya ɗan yi tsawo, ta san an zo wajen giɓi, daga nan take lissafin lokacin da za ta saki mai da lokacin da za ta ba fulogi wuta. In kuwa sansa ta yi shiru ɗungurungum, ko injin na juyawa har ya gaji, ita a wajenta a tsaye yake. Ba za ta ba da mai ba, ba za ta ba da wuta ba.”

Ya ce akwai irinta a kowace taya, don birki ya san wadda ta daina juyawa. Akwai kuma masu waya uku, su sai an ba su wuta tukuna. Ya nuna mini yadda garin ƙarfe ke taruwa a bakinta ya toshe mata ji, wanda shi ne ciwon motar Bafillacen nan. Ya nuna mini yadda yake auna tazara: sai ya yago kwalin ashana, ya liƙa a bakin sansar da ɗan giris, ya tura ta har ta dafa haƙori, ya ɗaure. Inji na tashi haƙoran su share kwalin, tazarar ta tsaya daidai. Ni kuwa a lokacin hankalina na kan layina a tasha. Na ce, “Kawu, ai kana nan.” Ya harare ni ya tattara kayansa.

Ina da zuciya, kowa ya sani. Ita ta kai ni ta baro. Wajen ƙarshen sanyi motata ta fara wani hali: in ta yi zafi sai ta mutu a tsakiyar titi kamar an zare makulli, in ta huce ta tashi lafiya lau. Na kai wa Kawu. Ya saurara, ya ce sansa ce take mutuwa, in kawo motar da safe a sanyaye in bar masa ita zuwa azahar. Rabin yini! Na ga layina zai wuce. Sai na bi ta wani sabon shago inda ake jona wa mota kwamfuta. Mai shagon ya latsa ya latsa, ya ce famfon mai ne. Aka canja, ta kwana biyu ba ta mutu ba. Maimakon in yi shiru, sai na tafi rumfar Kawu, ga direbobi zaune, na ce:

“Kawu, ashe famfo ne. Motocin yanzu ba a gane su da kunne. Zamani ya wuce nan.”

Kawu bai ɗago ba, yana fere wata waya. Can ya ce, “To, Allah Ya sa haka ne.” Ya tashi ya ɗauki buta, alhali ba a kira salla ba.

Kwana uku bayan nan ta mutu mini a hanyar Gamawa, cike da fasinja. Wani abokin aikina ya tsaya, ya buɗe bonet, ya fasa ledar ruwa ya tsiyaya a bayan inji, daidai kan sansar. Ta yi cuu. Ya ce murɗa. Ta tashi. Kai, na ji daɗi! Ai dukanmu haka muke yi a tasha, lallaɓawa. Tun daga ranar ba na rabo da ledojin ruwa a ƙarƙashin kujera. Kunya ta hana ni komawa rumfar Kawu. A gida in na shiga gaishe shi, sai in gaisa a tsaitsaye in fice. Hajiya ta tambaye ni me ya haɗa mu, na ce babu komai.

Sau ɗaya ya kama ni. A bakin tasha ne, ina tsiyaya ruwan, sai na ga inuwarsa a kaina. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi.

“Ka san abin da kake yi?” ya ce. “Wayar nan siririya ta tsinke a ciki. In ta yi zafi bakin ya buɗe, in ta yi sanyi ya haɗu. Kai kuma kana watsa mata ruwa tana tafasa. Kullum tsagar na ƙaruwa. Wata rana za ka zuba, ba zai haɗu ba. Kuma ba ita za ta zaɓa maka wurin ba. Na sa an kawo sabuwa, tana shagon mutumina. Ka karɓo ka zo.”

Na ce to, gobe. Goben nan ta ɗauki wata biyu da wani abu.

Ranar Talatar ya hau acaɓa da sassafe ya tafi gonarsa, a wani ƙauye da ke can ciki bayan Chinade, don a yi sharar gona kafin ruwa ya sauka. Wajen sha biyu maƙwabcin gonar ya kira ni, ya ce Malam ya faɗi, yana dafe da ƙirji, ba zai iya zama a kan babur ba. Na sauke fasinjan da suka fara shiga, na taka motar nan kamar mahaukaci. Rana tana tsakiyar ka, ƙasa har tiriri take. Na same shi a gindin wata aduwa, gumi ya jiƙe rigarsa, amma yana cikin hayyacinsa. Muka kwantar da shi a kujerar baya. Maƙwabcin ya ce zai sanar da mutanen ƙauye ya biyo mu, na ce babu lokaci, na ja.

Ba mu kai ga kwalta ba. A kan burji, inda babu gida babu bishiyar kirki, ta mutu.

Na fito a guje, na ɗaga bonet. Leda shida gare ni. Na fasa ta farko na zuba, na koma na murɗa. Inji ya juya, bai kama ba. Na zuba ta biyu, ta uku. Na murɗa. Na zagi motar, na zagi wanda ya ƙera ta. Na kira abokina a tasha, sabis na ɗaukewa, da ƙyar ya ji inda nake, ya ce ga shi nan. Na zuba ta huɗu da ta biyar a haɗe. Na ce bari in jira ta ɗan huce, na kasa jira, na fasa ta shida.

“Kai,” na ji muryarsa daga baya, ƙasa-ƙasa. “Bari haka, za ka kashe batir. Zo.”

Na zo na durƙusa a bakin ƙofa.

“In ka murɗa, allura tana motsi?”

“A'a, Kawu.”

“Ko ɗan zillo?”

“Ko kaɗan.”

“To ta rabu.” Ya faɗe shi kamar motar wani ce aka kawo masa. Na fashe da kuka, ƙato da ni, ina cewa ya yafe mini. Ya ɗaga hannu alamar in yi shiru, don numfashin ba ya isarsa.

“Saurara. In za ka ɗaura sabuwar, cire kan batir tukuna. Ka goge ramin da ƙyalle mai tsabta. Kwalin ashana, fallen guda, kar ka ninka. Kar ka ɗaure da ƙarfi, roba ce. Wayar kuma ka ɗauke ta daga jikin salansa. Ka ji?”

“Na ji, Kawu.”

“Maimaita.”

Na maimaita masa ina shessheƙa. Ya gyara mini wuri ɗaya. Ya rufe idonsa. Na cire rigata ina yi masa fifita. Babura biyu suka wuce, na farko da buhuna, na biyu ya tsaya ya ga ba yadda za a ɗora shi, ya ce zai je ya nemo mota. Sai Kawu ya buɗe ido, ya lashi leɓensa da ya bushe ya yi fari.

“Ba ni ruwa in jiƙa maƙogwaro.”

Na laluba ƙarƙashin kujera. Na san babu, amma na laluba. Na tsinto ledojin daga ƙasa ina matsawa a tafin hannuna, abin da ya fito bai jiƙa yatsa biyu ba, ga shi da ƙasa. Ya dube ni, ya dubi ledojin, ya gane. Ya ce, “Ba komai.” Ya juya fuskarsa wajen kujera.

Mun fi awa a wurin kafin abokina ya iso. Muka mayar da shi motarsa. Ruwan da ke motar na radiyeta ne a jarkar da ta sha baƙin mai, ba na sha ba, kuma lokacin ma Kawu ya daina tambaya. Kansa na kan cinyata, ina jin leɓensa na motsi. Na kara kunne, kalmar shahada yake yi. Mun hango gidajen farko na Azare ya cika. Likita ya duba ya ce zuciya ce. Na tambaye shi da mun iso da wuri fa? Ya ce Allah ne Masani. Na tambayi wani ma, amsar ke nan.

A gida na ce mota ta ɗan ba mu matsala a hanya. Iyakar abin da na faɗa ke nan, kuma babu wanda ya bi ba'asi.

Bayan sadakar bakwai da kwana biyu, baƙi sun watse, na shiga wajen Hajiya da hantsi. Tana zaune a kan tabarma a ƙofar ɗakinta cikin takaba, da carbi a hannu. Na zauna daga nesa kaɗan. Na ce, “Hajiya, akwai maganar da ban gaya miki ba.” Na faɗa mata duka: abin da na ce masa a gaban mutane, da goben da na yi ta yi masa, da ledoji shida, da abin da ya roƙa. Ban rage komai ba. Ba ta katse ni ba, carbin ne kawai ya tsaya.

Da na gama ta ɗago ta dube ni. Sannan ta ce, “Bai bar sallahu ba?”

Na so in yi mata ƙarya, wallahi na so. In ce ya ambace ta, ya ce a gaishe ta. Na kasa.

“Maganar gyara kawai ya yi, Hajiya. Yadda zan ɗaura abin.”

“Faɗa mini yadda ya faɗa.”

Na faɗa mata. Kan batir, ƙyalle mai tsabta, kwalin ashana fallen guda. Tsohuwar da ba ta taɓa leƙa cikin inji ba ta zauna tana gyaɗa kai, har ta sa na sake wajen wayar da salansa don ba ta ji da kyau ba. Ta goge ido da bakin mayafi ta ce, “Shi ne. Haka zai ce.”

Na matso na sunkuyar da kai. “Hajiya, ki yafe mini.”

“Ni ban riƙe ka da komai ba, ɗan nan. Ni na goye ka, ina zan kai ka?” Ta ci gaba da jan carbinta, ba ta dube ni ba. “Amma ba ni ce na ji ƙishirwar ba.”

Na zauna a wurin har rana ta iso kan tabarmar.

Ban da inda zan kai wannan roƙo yanzu, shi ya sa na rubuta. Wanda Kawu ya taɓa kwanciya a ƙarƙashin motarsa, da wanda bai san shi ba sai a takardar nan, don Allah ku sa shi a addu'a. Allah Ya gafarta masa, Ya yalwata kabarinsa, Ya sanyaya makwancinsa. Allah Ya shayar da shi daga tafkin Alkausara, shan da babu ƙishirwa bayansa.